Suna da Ƙarfi: Rayuwar Sana'ar Ɗan Kokawa daga Takobin Issaka Issaka zuwa Hular El Santo, Kamar Yadda Ake Hango Ta daga Rigasa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rayuwar sana'a ta ɗan kokawa, tun daga ranar da ya fara shiga fili har ranar da ya ajiye walki, da kuma abin da ke saura bayan nan. An ɗauki mutum biyu aka auna: Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ɗan kokawar jihar Dosso a Jamhuriyar Nijar, da Rodolfo Guzmán Huerta, wato El Santo na ƙasar Meziko. An tsaya a Rigasa ta Kaduna ana kallon su biyun. Hujjar maƙalar ita ce, ƙarfin jiki shekarunsa kaɗan ne, kuma abin da ke mai da kokawa sana'a shi ne tsarin da ke riƙe wa ɗan wasa sunansa: fili tsayayye, lokaci sananne, mai ɗaukar nauyi da mai yaɗa suna.

1. Gabatarwa

Ina neman afuwa tun da wuri, domin zan kai ku nesa, har Meziko, amma daga kan tulin yashi zan fara.

Wata ranar Asabar da hantsi, a wani layi na Rigasa da ba shi da nisa da hanyar tashar jirgin ƙasa, tifa ta juye yashi a bakin wani kango. Kafin magina su iso, yara sun mamaye shi. Na tsaya a inuwar wani mai faci ina kallo, sai na lura wasa iri biyu ake yi a kan yashi ɗaya. Wani yaro ya jawo hular sanyi har haɓa, ya huda mata ido biyu, ya hau kan jerin bulo yana dirowa a kan abokinsa, yana shelar cewa shi ne Rey Mysterio, ɗan reslin nan mai rufe fuska da hula irin ta mutanen Meziko. A gefe kuma wasu biyu sun sunkuya, goshi da goshi, kowa na neman wuyan ɗan'uwansa, ƙafa na laluben ƙafa. Wannan ita ce kokawar da kakanninsu suka sani, babu wanda ya koya musu ita a aji. Da ɗaya ya yi wa ɗaya taɗiya ya kai shi ƙasa, sai ya miƙe ya buga ƙirji ya ce shi Issaka Issaka ne. Na jira in ji ko wani zai kira sunan wani ɗan kokawar Kaduna, ko na Zariya, ko na Kano. Har magina suka zo suka kore su ban ji ba.

Tambayar wannan maƙala daga nan ta fito. Me ya sa sunan mutumin Dosso da hular mutanen Meziko suka iso Rigasa, alhali ƙarfafan da ke kusa ba su bar suna a bakin yara ba? Rigasa wuri ne da ya dace a yi wannan tambaya. Tana cikin ƙaramar hukumar Igabi, tana cikin unguwannin da suka fi cunkoso a Kaduna, kuma matattara ce: Zazzagawa, Katsinawa, Kanawa, Zamfarawa, Sakkwatawa da 'yan cirani daga Nijar duk sun haɗu. Tun da aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a 2016, nan ne jirgin ke tsayawa. Ga matasa jingim, ga gidajen kallo, ga waya a hannun kowa. In ana neman masu kallo da masu ƙarfi, babu ƙarancinsu.

2. Kokawa kafin ta zama sana'a

A ƙasar Hausa kokawa wasan kaka ce. An yi girbi, rumbu ya cika, jiki ya murmure, sai samarin wannan ƙauye su yi shiri su tafi wancan. Ɗan kokawa manomi ne da damina, ɗan wasa ne da kaka da farkon rani. Yana ɗaura walki, ya rataya layu da guraye, ya shiga fili da kirari, makaɗi na zuga shi. Abin da zai samu bai wuce kari daga masu kallo ba, da yabo, da farin jini wurin 'yanmata. Dambe kuwa an fi danganta shi da mahauta, su ma suna bin garuruwa lokacin kaka. Manazarta irin su Sa'idu Muhammad Gusau sun sanya mawaƙan waɗannan wasanni a rukunin makaɗan maza, kuma wannan rabo yana da muhimmanci ga batunmu, domin a tsohon tsari makaɗi shi ne jarida, shi ne rediyo, shi ne kundin ajiya. Mutane da yawa a yau ba su taɓa ganin Shago yana dambe ba, ba su ma san kamanninsa ba, amma sun san shi saboda waƙar da Ɗan Anace ya yi masa. Ƙarfafa nawa aka yi a zamaninsa da ba su sami irin wannan makaɗi ba, suka tafi da sunansu?

To amma waƙa kaɗai ba ta ciyar da mutum. Tana riƙe suna, ba ta riƙe tukunya. Matakin da ya sauya lamarin kokawa a ƙasar Hausa, a Nijar aka ɗauke shi.

3. Takobi da Issaka Issaka

A 1975, shekara guda bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki, aka yi gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe ta. Gwamnatin soja tana neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Bafulatani da Buzu a fili ɗaya, sai ta same shi a wasan da kowa ya riga ya iya. Tsarin da aka daidaita a kai mai sauƙin fahimta ne. Jihohi 8, wato Agadas, Diffa, Dosso, Maraɗi, Yamai, Tawa, Tillaberi da Damagaram, kowace ta kawo 'yan kokawa 10, jimla 80. Ana karɓa-karɓar masauki daga jiha zuwa jiha. Ana shafe kimanin kwana 10 ana karawa, kuma duk wanda ya sha kaye sau ɗaya ya fita daga sahun masu neman takobi, ko da zai ci gaba da yi wa jiharsa wasa. Saboda haka kullum da yamma hirar gari ita ce saura mutum nawa ba su faɗi ba. Lissafin yana ta raguwa har ya zama saura biyu. Wanda ya tsaya shi kaɗai a ƙarshe shi ake naɗa wa rawani, a miƙa masa takobi, a ba shi doki da kuɗi.

A lura da abin da wannan tsari ya yi wa ɗan kokawa. Ya ba shi kalanda, ya san wa yake yi wa shiri da yaushe. Ya ba shi tsani, daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa zaɓen jiha, daga nan zuwa gasar ƙasa. Ya ba shi rediyo da talabijin, waɗanda ke watsa karawar kai tsaye da Hausa da Zabarmanci, har muryar ta tsallako iyaka. Ya bar masa makaɗinsa, irin su Sagalo, da 'yan calicali masu ba da dariya tsakanin karawa da karawa. Sannan ya ba shi abin da babu makaɗin da zai iya bayarwa, wato gini. Filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Dosso na Salma Ɗan Rani, na Damagaram na Langa-Langa. Yaron da aka haifa bayan rasuwar waɗannan mutane zai faɗi sunansu ko da kwatancen hanya yake yi wa ɗan acaɓa.

A cikin wannan tsari Issaka Issaka ya tashi. Sau 6 ya ɗauki takobi, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa, kuma uku na ƙarshe a jere suka zo: Yamai a 2021, Diffa a 2022, Agadas a 2023. Wanda ya san kokawa ya san nauyin wannan. A gasar da kuskure ɗaya ke fitar da mutum, zamewar ƙafa ɗaya, ƙiftawar ido ɗaya, a ce mutum ya yi shekara uku a jere bai taɓa ƙasa ba, alhali kowane saurayi daga cikin sauran 79 burinsa kenan ya zama shi ne ya kayar da shi. Mai takobi ba ya samun karawa mai sauƙi, domin kowa da shi yake kwana a rai.

Sai ga Disamban 2024. Gasa ta 45, kuma a Dosso, gidansa, a filin Salma Ɗan Rani. Ya kai wasan ƙarshe, Abba Ibro na Tawa ya kayar da shi. Ni a ganina wannan faɗuwa ta fi nasarorin shida amfani ga mai nazari, domin ta nuna inda ƙarfin tsarin yake da inda rauninsa yake. Ƙarfinsa shi ne babu wanda ya fi ƙarfin fili. Da ana rubuta sakamako a ofis, babu mai rubuta cewa gwani ya faɗi a gaban danginsa. Rauninsa kuwa shi ne, sana'ar da aka gina a kan rashin faɗuwa, ranar da gwiwa ta fara gajiya ranar ta fara ƙarewa, kuma gwiwa ba ta jiran kowa.

4. Mutumin da ya ɓoye fuskarsa shekara 42

Mu tsallaka teku. An haifi Rodolfo Guzmán Huerta ranar 23 ga Satumba 1917 a Tulancingo ta jihar Hidalgo, iyayensa suka koma birnin Meziko yana yaro. Ya fara kokawar reslin a tsakiyar shekarun 1930, daidai lokacin da harkar ke kafuwa, domin a 1933 ne Salvador Lutteroth, wanda ya ga irin wasan a El Paso ta Amurka, ya kafa kamfanin da a yau ake kira CMLL. Shi ne kamfanin reslin mafi daɗewa da har yanzu yake aiki a duniya.

Shekarun farko na Guzmán ba su da armashi. Ya yi wasa da sunansa, ya yi da wasu sunaye na aro, har ya taɓa ɗaukar sunan wani shahararren ɗan wasa mai laƙabin Jemage ya ƙara masa "na biyu", mai sunan ya yi ƙorafi, aka hana shi. Wannan ƙaramin labari ya nuna cewa tun a lokacin suna dukiya ne a Meziko, yana da mai shi, akwai hukumar da ke tsare shi. A 1942 ya fito da sabon suna, El Santo, wato Waliyyi, da hula mai ruwan azurfa.

Bari in tsaya kan wannan hula, don ita ce ƙashin bayan zancen. Ba takunkumi ba ce irin wanda muka ɗaura lokacin korona. Hula ce da ke rufe kai da fuska gaba ɗaya, an huda mata ido da hanci da baki, ana ɗaure ta da igiya ta ƙeya. Zan kira ta hular fuska. A wurinmu rufe fuska yana da masu shi: sarki da amawali, amarya da lulluɓi, Buzu da rawaninsa. Amma namijin da ya shigo filin kokawa fuska a rufe, tambayar farko da za a yi ita ce ɗan wane ne, kuma me yake ɓoyewa? Ɗan kokawarmu da garinsu yake shiga fili, da sunan ubansa, da sunan maigidansa. A Meziko abin ya juya. Fuskar mutum tasa ce shi da iyalinsa, hular ita ce ta jama'a. Mafi girman karawa a can ita ce wadda ake sa hula a caca: hula da hula, ko hula da suma. Wanda ya faɗi zai cire hularsa a gaban dubban mutane, ya faɗi sunansa na yanka da garinsu, ko kuma a yi masa ƙwal-kwabo nan take. Ranar 7 ga Nuwamba 1952, a filin Arena Coliseo, El Santo ya cire wa Black Shadow hula, kuma har yau ana lissafa wannan dare cikin manyan ranakun wasan. Shi kuwa bai taɓa rasa tasa ba.

Abin sha'awa, Waliyyin nan a sahun mugaye ya fara. Wasan Meziko ya kasu gida biyu, rudos masu keta da maguɗi, da técnicos masu bin ƙa'ida da gwaninta. El Santo ya daɗe yana cikin masu keta, tare da abokinsa Gory Guerrero, kafin ya koma ɓangaren na kirki a farkon shekarun 1960. Abin da ya tilasta wannan sauyi ba a cikin fili ya faru ba. A 1952 José G. Cruz ya fara buga mujallar labarai masu hoto da El Santo a matsayin jarumi mai ceton raunana, aka shafe sama da shekara 30 ana buga ta. A 1958 ya yi finafinansa biyu na farko a ƙasar Kuba, a jimlace ya yi sama da 50, yana faɗa da matsafa da masu shan jini da mahaukatan masana kimiyya. Yaran da suka san shi a takarda da majigi ba za su yarda su zo fili su ga yana tsokane wa wani ido ba. Wato sunan ya girma har ya fi mai shi, ya koma yana ba shi umarni.

Ya yi wasansa na ban kwana ranar 12 ga Satumba 1982, saura kwanaki ya cika shekara 65. A ƙarshen Janairun 1984, a wani shirin talabijin mai suna Contrapunto, ba tare da sanarwa ba ya ɗaga hular ya nuna wani sashe na fuskarsa na ɗan lokaci. Kimanin kwana 10 bayan haka, ranar 5 ga Fabrairu, ciwon zuciya ya ɗauke shi. Da hular aka binne shi.

5. Ƙorafin da na san za a yi

Na san akwai mai cewa, malam, ka haɗa abin da ba ya haɗuwa. Kokawar Nijar gaske ce, reslin kuwa shiri ne, an san wanda zai ci tun kafin a shiga. Haka ne, kuma ba na musu. Ko a gidan kallo a Rigasa wannan gardama ba ta ƙarewa. Za ka ji babba na gaya wa ƙanensa cewa duk ƙarya ce, ƙanen na nuna masa jini a goshin ɗan wasa, su yi ta yi har mai gidan kallo ya sauya tasha zuwa ƙwallo. Manazarci Roland Barthes ya riga ya faɗa tun a 1957 cewa mai kallon reslin ba gasa ya je gani ba, wasan kwaikwayo ne na azaba da sakayya. Heather Levi kuma, wadda ta koyi wasan da jikinta a birnin Meziko kafin ta wallafa littafinta a 2008, ta nuna yadda sirri da hula suke a tsakiyar harkar.

Amma wannan bambanci shi ne ya sa kwatancen ke da amfani. Saboda sakamakon shiri ne, El Santo ya iya kaiwa shekara 64 yana cikin fili: abokan wasa na lallaɓa shi, kamfani na tsare darajarsa, hula na ɓoye furfura da tamoji. Issaka Issaka ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, yashin fili bai san girma ba. Don haka ɗan kokawar gaske ya fi ɗan reslin bukatar abin da zai riƙe shi bayan ƙarfi ya tafi, kuma shi ne ya fi rashinsa. Ba ina kira a mai da kokawarmu shiri ba ne, Allah ya kiyaye. Ranar da mai kallo ya fara zargin an sayar da kaye, ranar kokawa ta mutu. Abin dubawa shi ne sauran kayan da Meziko ta jera a kewayen ɗan wasa, waɗanda ba su da alaƙa da shiri. Arena México, wadda aka buɗe ginin ta na yanzu a 1956, tana ɗaukar sama da mutum 16,000, kuma duk daren Juma'a akwai wasa. Mai sayar da tikiti, mai ɗinka hula, mai koyarwa, mai buga mujalla, duk suna ci daga harkar, saboda haka duk suna da dalilin kare ta. A 2018 hukumomin birnin Meziko suka sanya wasan cikin al'adun gado na birnin. Takobin Nijar sau ɗaya yake zuwa a shekara. Wata goma sha ɗayan da suka rage, ɗan kokawa ya koma gona, ko kasuwa, ko wasannin gayyata, ko jiran alherin wani mai hali.

6. Shagon wane, ɗan wane

Akwai wuri guda da Bahaushe da mutumin Meziko suka yi tunani iri ɗaya ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, kuma shi ya fi ba ni mamaki a wannan nazari. A 1982, shekarar da El Santo ya bar fili, ɗansa ya shigo da irin hular da sunan El Hijo del Santo, wato Ɗan Waliyyi. Blue Demon, babban abokin hamayyar El Santo, shi ma ya bar Blue Demon Jr. Shi kansa Rey Mysterio da yaron Rigasa ke kwaikwayo, a Kalifoniya aka haife shi, sunan kuwa na kawunsa ne da ya koya masa wasa a Tijuana, ya ba shi izinin ɗauka.

To ku saurari sunayen 'yan dambenmu: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane. Ali Ƙanin Bello, Garkuwan Cindo, Autan Sikido. Yaro ba ya shiga fili da sunansa shi kaɗai, sai ya jingina da maigidan da ya ɗaura masa zare. Duk lokacin da sanƙira ya kira yaron, ya kira maigidan, ko da ya tsufa, ko da ya rasu. Wannan hular fuska ce da aka ɗinka da harshe. Kuma dambe bai tsaya nan ba. Ya raba kansa ɓangare uku, Kudu da Arewa da Guramada, yadda mai kallo zai sami gidan da yake goyon baya ko da 'yan wasa sun sauya. Ya kuma sami gidaje na dindindin da ake biyan kuɗin shiga, kamar na Ado Bayero Square a Kano da na Dei-Dei a Abuja. Wato a Najeriya dambe ya gina wa kansa, ba tare da gwamnati ba, kusan duk abin da Lutteroth ya gina a Meziko, sai dai a ƙaramin ma'auni. Shi ya sa saurayin Rigasa zai lissafa maka 'yan dambe biyar kafin ya tuna ɗan kokawar Najeriya ɗaya.

Kokawa a wannan gefen iyaka ta faɗa tsakanin biyu. Ba ta sami takobin gwamnati irin na Nijar ba, ba ta sami gidan kasuwa irin na dambe ba. Tana fitowa a bikin kamun kifi na Argungu, tana cikin wasannin gargajiya a gasar wasanni ta ƙasa, wadda Kaduna ta karɓi baƙuncinta a 1977 da 2009. Amma wanda ya ci lambar zinariya a irin wannan gasa, bayan mako guda waye ke tuna shi? An ɗauke shi a mota an kai shi, an ba shi alawus, an mai da shi tasha.

7. Komawa kan yashin

Me Rigasa za ta yi da wannan? Ba na ganin amsar tana cikin jiran babban filin wasa daga gwamnati. Abin da misalan biyu suka nuna shi ne maimaici ya fi girman gini. Daren Juma'a a birnin Meziko, ƙarshen shekara a Nijar: mutane sun san ranar, suna tsara hidimarsu da ita. Fili mai shinge da yashi tifa biyu, da rana ɗaya tsayayya a mako bayan la'asar, a tashi kafin magariba, ya isa farawa. Unguwannin Rigasa da maƙwabtanta irin su Tudun Wada da Kurmin Mashi da Unguwar Sanusi sun isa su zama ɓangarori, yadda yaro zai ce namu ya kayar da naku. A cikin 'yan ciranin da ke sayar da shayi da tura kurar ruwa akwai waɗanda suka taso a garuruwan da kokawa take kamar numfashi, sun san kamu, sun san ƙa'ida, za su iya alƙalanci da koyarwa. Makaɗi kuwa yanzu yana da abokin aiki, wayar da ke ɗaukar bidiyo ta watsa a Facebook da TikTok kafin ɗan wasa ya karkaɗe yashin jikinsa.

Akwai matsaloli, kuma ba ƙanana ba ne. Duk taron matasa a Kaduna sai an yi maganar tsaro, sai an yi maganar 'yan sara-suka da masu shaye-shaye da ke fakewa da taro. Akwai malaman da ke ƙyamar wasan saboda layu da tsafe-tsafen da ke biye da shi, da caca, da kiɗa. Waɗannan ba abin rainawa ba ne, kuma duk wanda zai kafa fili ba tare da ya zauna da masu unguwa da limamai da 'yan sintiri ba, a mako na uku za a rufe masa. Nijar ma ƙasar Musulmi ce, kuma ta yi shekara 50 tana wannan gasa, malamai na faɗin albarkacin bakinsu, ana ci gaba da gyara. Akwai kuma batun rauni. Wanda ya karye a fili, wa zai biya kuɗin ɗori? In ba a amsa wannan tun ranar farko ba, a ajiye wani kaso na kuɗin ƙofa dominsa, iyaye ba za su bar 'ya'yansu ba, kuma suna da gaskiya.

Ga mu manazarta kuma akwai aikin da ba ya bukatar izinin kowa. A Rigasa akwai dattawa da suka yi kokawa a ƙauyukansu kafin su zo birni, suna zaune a majalisu da ƙofofin masallatai. Kowannensu yana riƙe da sunayen waɗanda ya kara da su, da garuruwan, da sunayen kamu iri-iri da ba su shiga ƙamus ba. Ɗalibi ɗaya da waya da littafin rubutu zai iya tattara su a hutun zango guda. Na gwada da wani tsoho mai gadi, mutumin yankin Gobir. Da na tambaye shi yadda ake shiga wa wanda ya fi ka tsawo, bai ba ni amsa da baki ba. Ya jingine sandarsa, ya naɗe ƙafar wando, ya ce in miƙe tsaye.